Cutar Bakkale: Daga Ɓaunar Daji Zuwa Ƙwaryar Nono

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda cutar da makiyaya ke kira bakkale, wato burusela a bakin likitoci, take ratsawa tsakanin namun daji da dabbobin gida da ɗan'adam, da kuma inda ta shafi mazauna Tarauni.

Ƙwayar cuta ce ke haddasa ta. A shekarar 1887 likitan soja David Bruce ya gano ƙwayar a tsibirin Malta, sannan a 1905 aka tabbatar cewa ta madarar awaki take shiga mutane. A jikin saniya takan jawo ɓari da kumburin gwiwa da ƙarancin nono. Ƙwayar tana fita da yawa a mahaifa da ruwan haihuwa, don haka duk dabbar da ta lashi abin da aka ɓarar tana iya kamuwa.

Misalin da ya fi shahara a daji shi ne na ɓaunar Amurka da ke gandun Yellowstone, inda aka fara ganin cutar a 1917. Masu kiwo a can sun daɗe suna ɗora wa ɓauna laifi, alhali kuwa masana na ganin daga shanun gida ta samo ta tun farko. Bugu da ƙari, bincike ya nuna cewa kamuwar da shanun yankin suka yi a baya-bayan nan ta fito ne daga wata babbar barewa da ke kiwo tare da su. Abin lura a nan shi ne, cuta tana bin makiyaya da mashaya ɗaya, ba ruwanta da wane ne na gida, wane ne na daji.

Tarauni ba ta da ɓauna, amma kullum nono yana shigo mata daga rugage, dabbobi kuma suna sauka a kasuwar 'Yan Awaki ta Unguwa Uku. Saboda haka hanyar cutar a nan ita ce madarar da ba a tafasa ba, da hannun mahauci ko makiyayi da ya taɓa jini ko mahaifa. Tsamin nono kaɗai ba ya ba da tabbacin mutuwar ƙwayar.

Wanda ya kamu yakan yi fama da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare, da ciwon gaɓoɓi. Sau da yawa akan ɗauke shi zazzaɓin cizon sauro ko taifot, a yi ta shan magani ba sauƙi. Mai irin wannan hali ya kamata ya nemi gwajin jini a babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Gyaɗi-Gyaɗi, ya kuma faɗa wa likita sana'arsa. Maganin yakan ɗauki mako 6 ba yankewa.

A taƙaice, kariyar mutum tana farawa daga garke: a yi wa 'yan maruƙa allurar rigakafi irin wadda ake yi a cibiyar Vom, a binne abin da aka ɓarar, a tafasa madara kafin a sha. Rigakafi dai ya fi magani.