Yadda Manhajar Waya Ke Sauya Harkar Hayar Tarakta

Manomi mai eka biyu ko uku a Utai, cikin ƙaramar hukumar Wudil, ba shi da dalilin sayen tarakta. Abin da yake buƙata shi ne motar ta zo gonarsa a makon da ruwa ya zauna. Idan ta makara, shuka ta makara, amfanin gona kuma ya ragu.

Wannan giɓi ne kamfanin Hello Tractor ya mayar sana'a. Jehiel Oliver, ɗan ƙasar Amurka, shi ya kafa shi a Najeriya a shekarar 2014. Kamfanin yana haɗa masu tarakta da manoma ta manhajar waya, kamar yadda Uber ke haɗa direba da fasinja.

Ana maƙala wa kowace tarakta wata 'yar na'ura mai GPS. Ita ke nuna wa mai motar inda take, awa nawa ta yi tana aiki, da faɗin gonar da ta nome. Direba ba zai nome gona biyar ya ce uku ya yi ba. Manomin da ba shi da babbar waya kuwa, wakili ne ke rubuta sunansa, ya tara gonakin yanki ɗaya, don kada tarakta ta ƙona man dizal mai yawa saboda gona guda.

Bayanan na'urar su ne jarin kamfanin. Mai ba da bashi yana iya ganin ko motar tana samun aiki kafin ya saki kuɗinsa. A kan haka aka fito da tsarin biya sannu a hankali tare da ƙungiyar Heifer International, inda wakili ke karɓar tarakta yana biya daga abin da ta samo. A 2022 kamfanin John Deere ma ya sayi ƙaramin kaso a Hello Tractor.

Sai dai lissafin ba sauƙi. Damina a Kano 'yan watanni ce, bashi kuwa ba ya hutu. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kayan gyaran da ake shigowa da su sun yi tsada. Tarakta a wannan yanki sai ta haɗa da noman rani a bakin kogin Wudil da dakon amfanin gona kafin ta fitar da kuɗinta.

Ga manoman Utai, mafita ita ce haɗa kai. Maƙwabta goma da suka nemi tarakta tare tun kafin ruwan farko sun fi saurin samu fiye da mutum ɗaya da ya jira damina ta kankama.