Lauyan shari'ar haƙƙi: yadda ake zama shi, da abin da yake yi mana

Da yawa daga cikinmu in an ce lauya, sai mu tuna mai baƙar riga da farin gashi yana kare ɓarawo a gaban alƙali. Wancan ɓangare ɗaya ne kawai, ɓangaren laifi, inda gwamnati ce ke kai mutum ƙara. Amma abin da ya fi kai mutanen Zango kotu shi ne rikicin haƙƙi tsakanin mutum da mutum: fili, gidan gado, haya, bashi, cinikin da ya lalace. Lauyan da ke wannan aikin shi muke so mu yi bayani a kansa yau.

A Gana, mai son zama lauya yakan fara da digirin shari'a a jami'a, sannan ya samu horon aiki. Makarantar da aka sani da wannan horon ita ce ta Makola, wadda aka kafa a 1958. In ya ci jarrabawa, Majalisar Kula da Aikin Lauyoyi ce ke shigar da shi cikin sahun lauyoyi, bisa dokar 1960. Ko bayan haka ba ya buɗe ofis kai tsaye. Sai ya zauna wata 6 a ƙarƙashin babban lauya yana koyo. Kuma lasisinsa na aiki duk shekara ake sabunta shi. Saboda haka ba rashin kunya ba ne ka tambayi lauya ko lasisinsa na bana yana nan.

Shekarun farko na wahala ne. Ƙaramin lauya shi ne mai ɗaukar fayil, shi ne mai zuwa kotu da sassafe don kawai a gaya masa an ɗaga shari'a zuwa wata mai zuwa. A nan yake gane cewa aikin ba iya baki ba ne. Mafi yawansa rubutu ne da lissafin kwanaki. Ga misali: a Babbar Kotu, bisa ƙa'idojin 2004, in an miƙa maka sammaci kana da kwana 8 ka sanar da kotu cewa za ka kare kanka, sannan kwana 14 ka shigar da amsarka a rubuce. In ka jefa takardar a ƙarƙashin katifa kana cewa ai kowa ya san gidan na babanmu ne, ana iya yanke hukunci a bayan idonka. Tun daga 2015 ma shaidu a rubuce ake fara ba da bayaninsu, sannan lauyan ɗaya ɓangaren ya yi musu tambayoyi. Wanda ya daɗe a aikin ya san inda zai taɓa mai shaida maganarsa ta warware, kuma wannan ba a aji ake koyonsa ba.

Akwai kuma wa'adin kai ƙara. Dokar 1972 ta ba da shekara 6 a kan bashi da ciniki, shekara 12 a kan neman fili. Haƙuri abu ne mai kyau, amma wanda ya zuba ido wani ya yi gini a filinsa shekara goma sha biyar, lauya mafi ƙwarewa ma zai sha wuya da shi.

Ba sai mun je nesa neman misali ba, ƙasar da muke sallah a kanta ma ta sha shari'a. Ɗaliban lauya a Gana suna karanta shari'ar filayen Kokomlemle, wadda aka sani da Golightly da Ashrifi. Ƙararraki ne sama da ashirin aka haɗa wuri ɗaya, alƙali Jackson ya yanke hukunci a 1951, aka ɗaukaka ƙara zuwa kotun Afirka ta Yamma a 1955, daga nan har Landan. Tambayar ita ce: wa ke da ikon sayar da filin? Hukuncin ya nuna cewa gidan Korle masu riƙo ne, kuma sayarwa tana buƙatar yardar sarakunan Ga da Gbese. Mutane sun biya kuɗinsu, sun riƙe takarda, amma takardar daga hannun wanda ba shi da iko ta fito. Har gobe wannan ce tambayar farko da gogaggen lauya zai yi maka, kuma shi ya sa yake fara zuwa Hukumar Filaye ya bincika kafin ka ba da ko sidi ɗaya.

Inda abin ya fi shafarmu shi ne gado. Tun 1985, wanda ya rasu bai bar wasiyya ba, dokar ƙasa mai lamba 111 ce ke raba dukiyarsa in magana ta kai kotu, ko da Musulmi ne. Dokar tana ba mata ko miji da 'ya'ya gida ɗaya da kayan ɗaki, sauran kuma a kasa shi 16: uku ga mata ko miji, tara ga 'ya'ya, biyu ga iyaye, biyu bisa al'ada. Duk ɗalibin da ya karanta ilmin fara'id ya ga bambancin. In magada sun yarda da rabon malam, shi ke nan, lafiya lau. Amma in mutum ɗaya ya ƙi ya tafi kotu, alƙali dokar ƙasa zai duba. Hanyar da lauyoyi ke nunawa ita ce wasiyya a rubuce bisa dokar 1971, da sa hannun mai ita a gaban shaidu biyu, a bayyana yadda ake son rabon. A ganinmu malam da lauya ya kamata su zauna tare a kan irin wannan takarda, don kowannensu rabin aikin ya sani.

Lauyan kirki ba kowace magana yake kaiwa gaban alƙali ba. Dokar sulhu ta 2010 ta buɗe ƙofar sasantawa, kotuna ma da kansu suna tura mutane can. Wanda ya ga 'yan uwa sun cinye kuɗin gida a kan shari'ar gidan, shi ne zai fara ce maka ku koma wurin liman ko Sarkin Zango, in kun daidaita a rubuta a kai kotu ta tabbatar. Mu dai mun fi amincewa da lauyan da ke gaya maka raunin ƙararka tun ranar farko, fiye da mai cewa ka kwantar da hankalinka an riga an ci. A yi hattara kuma da 'yan tsakiya masu yawo a harabar kotu suna cewa sun san wani a ciki.

Ga ɗalibanmu masu sha'awa, hanyar tana da nisa amma a buɗe take. Tsarin mulkin 1992 ya ce lauya mai shekara 10 a aiki zai iya zama alƙalin Babbar Kotu, mai 12 Kotun Ɗaukaka Ƙara, mai 15 Kotun Ƙoli. Mai shari'a Issifu Omoro Tanko Amadu ya yi shekaru yana aikin lauya kafin ya hau kujerar alƙalanci, kuma a 2020 ya zama Musulmi na farko a Kotun Ƙolin Gana.

Wanda kuma sammaci ya same shi ba shi da kuɗin lauya, akwai Hukumar Taimakon Shari'a ta gwamnati, wadda dokar 2018 ta kafa. Ya je da sammacin, da rasidai, da duk wata takardar fili ko ta haya da yake da ita, kuma ya riƙe ranar da aka miƙa masa, don daga ranar ake fara ƙirga kwana takwas ɗin.