MASU JAN GIDAJENSU A AMURKA: INA MAN YAKE TAFIYA?

Kowace shekara, da zarar watan Oktoba ya kama, sanyi kuma ya fara sauka a ƙasar Kanada da jihohin arewacin Amurka, sai ka ga manyan hanyoyin da suka nufi kudu sun cika da wasu irin matafiya. Yawancinsu dattawa ne, miji da mata, waɗanda suka gama aiki suna cin fansho. Ba ruwansu da neman masauki a hanya, gama gidan nasu ɗungum suke ja a bayan mota, da gadonsa, da madafarsa, da makewayinsa. Ƙanƙara suke gudu, su je su yi lokacin sanyi a jihohin Arizona, ko Teksas, ko Fulorida, sai wajen Maris ko Afrilu su juyo gida. Mutanen can sukan yi musu laƙabi da tsuntsayen ƙanƙara, domin suna zuwa suna komawa kamar yadda shamuwa take yi mana da damina.

Wanda ya tashi daga birnin Winnipeg na Kanada zuwa ƙarshen kudancin Teksas yana da tafiyar kilomita wajen 3,000 a gabansa, da wata 3,000 ta dawowa. Ga mutumin da fanshonsa ba ya ƙaruwa, kuɗin mai ne yake yanke masa hukunci, ko ya yi tafiyar bana ko ya zauna cikin sanyi. A shekarar 2022, sa'ad da galan ɗaya na man dizal ya haura dala 5 a Amurka, kowane mai jan gida sai da ya ɗauki biro ya yi lissafi. To, bari mu bi lissafin nan tare da su, mu ga ina man yake tafiya.

MECE CE ƘAFA TA BIYAR?

Irin gidan da muke magana a kansa Turawa suna kiransa mai ƙafa ta biyar. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da tirela a Mararraban Jos ko Tafa, ya ga an raba kan da bodin, ya riga ya san abin. Wato wancan faffaɗan farantin ƙarfe mai maiƙo da ke bayan kan tirela, wanda wani gajeren ƙarfe kakkaura da ke ƙarƙashin bodi yake shiga cikinsa ya kulle. Sunan ya samo asali tun zamanin keken doki, inda ake sa wani zoben ƙarfe mai kama da ƙafar keke a kwance, domin ƙafafun gaba su iya juyawa. Wani maƙeri a birnin Detroit mai suna August Fruehauf ya ƙera tirelarsa ta fari a 1914, kuma kafin ƙarshen shekarun 1920 Glenn Curtiss, wanda ya yi suna wajen ƙera jiragen sama, ya fito da ɗakin kwana na matafiya da ake haɗawa da mota ta irin wannan hanya.

A yau ana kafa ƙaramin farantin ne a cikin bodin babbar a-kori-kura, irin su Ford da Ram da Chevrolet, daidai bisa ƙafafun baya. Gaban gidan yakan hau kan bodin motar, ya ɗora mata kashi 15 zuwa 25 cikin 100 na nauyinsa. Saboda haka ba ya yawan lilo a hanya kamar tirelar da aka maƙala a gindin mota. Yawancin gidajen nan a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake ƙera su. Tsawonsu yakan kama daga mita 8 zuwa 13, faɗi kamar mita 2 da rabi, tsayi kuwa wajen mita 4. Nauyin manyan cikinsu yakan kai tan 5 zuwa 8 in an yi musu lodi.

ABIN DA TANKI YAKE FAƊA

A Amurka, hukumar kare muhalli takan auna shan man ƙananan motoci, a liƙa takarda a gilashi domin mai saye ya gani. Amma a-kori-kurar da nauyinta da kayanta ya wuce fam 8,500 ba ta cikin wannan doka. Don haka mai irin wannan mota shi ne zai auna da kansa. Hanyar kuwa mai sauƙi ce: ya cika tanki, ya rubuta lambar da agogon tafiya ya nuna, in ya sake cikawa ya raba nisan da ya yi da yawan man da ya sha.

Abin da masu wannan lissafi suka saba samu shi ne, motar dizal da ba ta jan kome takan yi mil 16 zuwa 20 da galan guda. Da an ɗaura mata gida, sai ta faɗo zuwa mil 8 zuwa 12. Galan na Amurka lita 3.8 ne, mil kuwa kilomita 1.6. Wato motar da take shan lita 13 a kowane kilomita 100 in tana wayam, takan koma shan lita 20 har zuwa 29. Kusan ninki biyu ke nan. Mai injin fetur ya fi shan wuya, gama lita ɗaya ta dizal ta fi ta fetur ƙarfi da kashi 10 zuwa 15 cikin 100, injin dizal kuma ya fi iya tattalin abin da aka ba shi.

Mai karatu zai ce, ai ba abin mamaki ba ne, nauyi ne. Lalle nauyi yana da nasa rabo. Amma a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, babban ɓarawon man shi ne iska.

BANGON DA BA A GANI

Ka tuna gaban gidan nan, faɗi mita 2 da rabi, tsayi mita 4. Wannan fili ne na murabba'in mita wajen 10, alhali gaban ƙaramar mota bai wuce 2 da 'yan kai ba. Kamar mutum ne ya ɗauki ƙyauren ƙofa a tsaye yana gudu da shi. Dole injin ya ture iskar da ke gaban wannan bango, daga safe har yamma.

Ga kuma inda maganar take. Turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa take yi. In ka ninka gudunka sau 2, turjiyar takan ninku sau 4. Direban da ya tashi daga kilomita 90 a awa zuwa 110 yana ganin ɗan ƙari ne kawai ya yi, amma turjiyar iska ta ƙaru da kusan rabi. A irin wannan gudu, ture iska ne yake cin wajen rabin aikin injin, ko fiye.

Mu ɗauki misali da tafiyar nan ta kilomita 3,000. A ce motar tana shan lita 22 a kowane kilomita 100 in ana tafiya a kan 90, ta koma shan lita 27 in an kai 110. Mai tafiya a hankali zai ƙona lita 660, mai sauri kuwa 810. Bambancin lita 150 ne zuwa, 150 dawowa, wato durom ɗaya da rabi. Me mai saurin ya saya da wannan man? Awa 6 kacal a kowace tafiya, gama shi zai yi awa 27 a kan sitiyari, ɗan'uwansa ya yi 33. In aka raba awa 6 a kan kwana 5, ƙarin awa guda ne da 'yan mintoci a yini, ga mutumin da ba wanda yake jiransa a ofis.

Iskar Allah ma tana da nata lissafi. Jihohin tsakiyar Amurka, irin su Kansas da Oklahoma, fili ne fetal mai yawan iska. In kana gudun 90, iska kuma tana busowa daga gabanka da gudun 30, to bangonka yana fama da iska mai gudun 120 ne, turjiyar kuwa ta ƙaru da fiye da kashi 75 cikin 100. Shi ya sa tsofaffin hannu sukan saurari labarin yanayi tun da dare. Sukan yi sammako kafin iska ta tashi, in kuwa ranar ta ƙi, sai su kwana inda suke. Ai gadon yana bayansu.

Gwamnatin Amurka da kanta ta taɓa amfani da wannan ilimi. Bayan da ƙasashen Larabawa suka hana ta mai a 1973, Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a kan doka a watan Janairu na 1974, wadda ta tsai da gudu a kan mil 55 a awa, wato kilomita 89, a ƙasar duka. An sassauta dokar a 1987, aka soke ta a 1995. Duk da haka jihar Kalifoniya ta riƙe mil 55 ga duk motar da take jan tirela.

RABON NAUYI DA TUDU

Nauyi yakan nuna kansa a wuri biyu: wajen tashi daga tsaye, da wajen hawan tudu. Kowane birki da direba ya taka, man da ya ƙona ya kai wannan gudu ya tafi a banza. Saboda haka masu hankali sukan kauce wa tsakiyar manyan birane da safe da yamma, su bar rata mai yawa tsakaninsu da motar gaba, domin su riƙa sassauta totur maimakon taka birki.

Gidan yana da tankin ruwan sha da na wanka, wanda a manya yakan ci lita 300 ko fiye. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Wanda zai sauka inda akwai famfo ba shi da dalilin jan kilo 300 na ruwa daga Kanada. Amma a faɗi gaskiya, in mota da gida sun haɗu sun kai tan 10, ruwan nan kashi 3 ne kawai cikin 100 na nauyin. Zubar da shi yana taimakawa, sai dai bai kama ƙafar rage gudu ba. Babban amfanin rage kaya shi ne lafiyar birki da taya.

Tudu kuwa sai wanda ya bi ta duwatsun yammacin ƙasar. A jihar Kolorado babbar hanya mai lamba 70 tana ratsa dutse ta Ramin Eisenhower, a tsayin mita 3,400 daga teku. A can iska ba ta da kauri, injin da ba shi da tobo yakan rasa wajen kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 da ya hau. Kafin ya kai ramin, kusan sulusin ƙarfinsa ya tafi. Direban da ya nace sai ya hau da gudun da yake yi a fili, mai kawai zai ƙona, injin ya yi zafi. Dabara ita ce a sauko da giya, a bi layin manyan motoci, a hau a hankali. Na'urar nan mai riƙe gudu da kanta tana da amfani a shimfiɗaɗɗiyar hanya, amma a tudu takan danne totur har ƙasa domin ta cika umarnin da aka ba ta, don haka gara a kashe ta.

TAYA DA NISAN GIDAN MAI

Tayar da iskarta ta ragu takan lanƙwashe tana ja da mota baya, ta ƙara shan mai, ta kuma yi zafi. Zafin nan ne yake fasa taya, fashewar taya kuwa a ƙarƙashin gida mai tan 7 ba wasa ba ce. Da yawa daga cikin tayoyin tirela an yi su ne don gudun da bai wuce mil 65 a awa ba, wato kilomita 105. Ashe gudun da yake ceton mai shi ne kuma yake ceton taya. Ana auna iskar da safe, kafin tayar ta ɗumama.

Akwai kuma wani dalilin da ya sa sanin shan man mota ya wuce zancen kuɗi. A jihar Yuta, tsakanin garin Green River da Salina, akwai tafiyar fiye da kilomita 160 a kan wannan hanya mai lamba 70, ba gidan mai ko ɗaya, ga hawa ga gangara. Tankin da yake kai mutum kilomita 900 in motar tana wayam, da ƙyar ya kai shi 500 in yana ja. Wanda ya shiga wannan daji da lissafin motar da ba kaya, zai iya kwana a gefen hanya shi da uwargida. Ƙa'idar da matafiyan suke bi ita ce, da allura ta sauko rabi, a fara neman gidan mai, a kuma nemi mai faɗin fili irin na manyan motoci, gama ba kowane gidan mai ne gida mai tsayin mita 4 zai iya shiga ba.

Mai karatu, wataƙila ba za ka taɓa jan irin wannan gida ba. Amma iskar da take tare dattijon Kanada a Kansas ita ce take tare bas ɗin da aka tula wa kaya a kan rufi tsakanin Jos da Kaduna, tun ba yanzu ba da mai ya yi tsada bayan cire tallafi a 2023. Kayan da za su shiga ciki kada a ɗora su a sama. A auna taya kafin a tashi. A rubuta abin da tanki ya sha. Sa'an nan a ɗaga ƙafa kaɗan daga kan totur, gama Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. A tafiyar kilomita 3,000, daɗewar duka awa 6 ce.