Babban aksil a ƙarƙashin jif: gaskiyar magana da zancen gareji

Duk wanda ya taɓa kallon jif-jif ɗin Amurka suna hawa duwatsun Moab a jihar Utah, ko suna jan ciki a hanyar Rubicon ta Kalifoniya, ya ga tayoyi masu kai wa mutum ƙugu. Abin da ido bai cika kamawa ba shi ne ƙarfen da ke riƙe da tayoyin. Yawancin motocin da ke tafiya a kan taya mai inci 40 an cire musu aksil ɗin da kamfani ya sa, an ɗaura musu na manyan motocin ɗaukar kaya irin su Ford F-350. Wannan aiki ya haifi maganganu barkatai a bakin direbobi da makanikai. Wasu gaskiya ne, wasu ƙarya ce, wasu kuma rabin gaskiya, kuma rabin gaskiyar nan ita ta fi cin kuɗin mutane.

Aksil dai bututun ƙarfe ne mai tulu a tsakiya. A cikin tulun akwai babban zobe mai haƙora da ƙaramin finiyan da farfela ke juyawa, daga nan shaf biyu su kai ƙarfin ga tayoyi. Kamfanin Dana na jihar Ohio shi ya fi suna a wannan fanni, kuma da lambobi ake kiran kayansa. Zoben Dana 30 ya ɗan haura inci 7, na Dana 44 inci 8.5, na Dana 60 inci 9.75. Na baya da kamfanin GM ya yi, wanda ake kira mai kusoshi 14, nasa inci 10.5 ne.

Da ake cewa babbar taya tana karya ƙaramin aksil, gaskiya ne, babu ƙari. Idan aka tashi daga taya mai inci 31 zuwa mai inci 40, murɗawar da shaf zai iya sha lokacin da taya ta kama dutse ta ƙaru da kusan kashi 29 cikin 100, tun kafin a lissafa nauyin tayar kanta. In an sa makulli a cikin tulun, wanda ke tilasta wa tayoyin biyu su juya tare, to ranar da ɗaya ta ɗaga sama duk ƙarfin a kan shaf ɗaya zai sauka. Dana 35 da ke bayan tsofaffin Jeep Wrangler ya yi ƙaurin suna a nan. Shaf ɗinsa shi ke juya taya, shi ke ɗaukar nauyin mota, kuma wani ɗan ƙarfe mai siffar C ne kawai ke riƙe da shi a cikin tulun. In ya tsinke, taya da guntun shaf sai su zare waje su bar motar. A manyan aksil na baya irin na GM ɗin nan, nauyin mota a kan boris biyu yake zaune a jikin bututun, shaf juyawa kawai yake yi. Ko ya karye taya tana nan daram, sai a zare shi a lallaɓa da tayoyin gaba zuwa gida. Ga wanda yake nesa da gari wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

To amma daga nan sai wasu su ce ai mafi girma shi ne mafi kyau a kowane hali. Wannan ba haka yake ba. Dana 60 na gaba ya haura kilo 200, na baya mai kusoshi 14 ma haka, kuma wannan nauyi ne da ke ƙasan sifirin, yana bin kowane rami yana dukan motar. Tafiya takan yi tauri, shan mai ya ƙaru, birki ya ƙara aiki. Ga kuma tulun, wanda yake sauka ƙasa daidai girmansa. Tsakanin zobe mai inci 8.5 da mai inci 10.5, ƙasan tulun ya sauko da kusan inci ɗaya, kuma kafin a maido da incin nan ɗaya sai an ƙara inci biyu a tsayin taya. Shi ya sa za ka ga an yanke ƙasan tulun mai kusoshi 14 an yi masa waldar faranti. Mutumin da ya ɗaura wannan aksil a kan taya mai inci 33 ya biya kuɗi ne motarsa ta riƙa maƙalewa a inda da take wucewa. Masu harkar suna da ma'auni na kintace: Dana 30 zuwa inci 33 ko 35 in ƙafar direba ba ta da nauyi, Dana 44 zuwa 35 ko 37, daga nan sama sai Dana 60. Kintace ne, domin nauyin mota da halin direba suna iya matsar da shi gaba ko baya.

Suna ma yana yaudara. Mai Wrangler Rubicon samfurin JK, wanda aka yi daga 2007 zuwa 2018, yakan yi alfahari da Dana 44 a gaba. Tulun da haƙoran na 44 ne, ba a musu. Amma bututun da gwiwoyin da taya ke juyawa a kansu daidai suke da na Dana 30, kuma su ne ke lanƙwashewa in babbar taya ta daki dutse da gudu. Haka Dana 60 ba iri ɗaya ba ne. Akwai na baya da yawa masu siririn shaf mai tsaga 30 a bakinsa, akwai kuma masu tsaga 35 waɗanda su ake nufi idan ana yabon ƙarfinsa. Wanda ya saya da suna kawai bai san abin da ya kai gida ba.

Maganar da ta fi damuna ita ce ta araha. Za ka ji ana cewa a makabartar motoci ana samun aksil ɗin manyan motocin Ford da ake kira Super Duty da 'yan ɗaruruwan daloli, don haka sababbin da kamfanoni irin su Dynatrac da Currie ke sayarwa da dubban daloli asarar kuɗi ce. Farashin farkon gaskiya ne. Sai dai abin da aka saya da shi tsohon ƙarfe ne da aka ƙera wa wata mota daban, kuma tun daga ranar da ya iso gareji yake fara kiran 'yan uwansa. Dole a yanke duk kunnuwan da ke jikinsa, a goge, a yi waldar sababbi daidai wurin sifirin da shokazoba da hannayen da ke riƙe shi a motarka. Waldar a kan tulun ba irin ta ƙofar gida ba ce, ƙarfen zubi ne, sai an ɗumama shi kafin a fara, a bar shi ya huce a hankali, in ba haka ba ya tsage. Zafi ya yi yawa a gefe ɗaya kuma bututun ya karkace.

Sai wili. JK kusoshi 5 gare ta, aksil ɗin Ford na 1999 zuwa sama kusoshi 8 a kan milimita 170, tsohon na GM kusoshi 8 a kan inci 6.5. Ka ga ke nan wilinka duka biyar, har da na safaya, sun tashi aiki, kuma wanda ya haɗa gaban Ford da bayan GM ya samu tsari biyu da ba sa shiga juna sai an yi wani aikin. Birkin manyan aksil yana buƙatar mai fiye da yadda ƙaramin famfon birkin motar zai iya turawa, sai feda ta riƙa nutsewa, a canza shi. Farfela ta gaba da ta baya ba za su yi daidai ba, ga tsawo ga girman mahaɗa. Sandunan sitiyari sababbi ne, kuma taya mai inci 40 a cikin duwatsu takan sa a ƙara wa sitiyarin silinda mai taimako. In motar ta zamani ce, ƙwaƙwalwarta tana ƙirga juyawar kowace taya da wani zobe mai haƙora, kuma adadin haƙoran na Ford ba ɗaya yake da na Jeep ba. A bar shi haka, fitilun gargaɗi su kunnu, na'urar hana birki kullewa ta daina aiki. Duk wannan ban taɓo boris da sil da fayafayin birki ba, waɗanda mai hankali zai sabunta a ƙarfen da ya yi shekara ashirin yana ɗaukar kaya.

Giyar cikin tulun ita ma babi ce mai zaman kanta. Dole lambar gaba da ta baya su zama ɗaya. In gaba 3.73 ne baya 4.10, ranar da aka sa giyar tayoyi huɗu a kan ƙasa mai tauri gaba da baya za su yi ta jan juna har wani abu ya fashe. Kuma lambar da ta zo da tsohon aksil ba lallai ta dace da sabuwar tayar ba. Motar da take 4.10 a kan inci 32, in ta koma inci 37, sai ta samu wajen 4.74 kafin ta dawo da jan da take da shi, abin da ake samu a kasuwa kusa da haka kuwa 4.88 ne. Masu inci 40 sukan je 5.13 ko 5.38. Haƙora biyu ke nan sababbi, makulli biyu, da ladan gwanin da zai zaunar da su, domin tazarar da ake bari tsakanin zobe da finiyan ba ta wuce rubu'in milimita. In an kuskure, kuka zai fara, ba da jimawa ba haƙoran su cinye juna.

Idan aka tara duk wannan, kuɗin aksil ɗin kansa yakan zama ƙaramin layi a takardar. Wanda yake da injin walda da gwaninta da lokaci zai iya fita da riba sosai. Wanda zai biya ladan kowane aiki, sau da yawa sai ya tarar ya kusa kamo farashin sabon da aka ƙera daidai motarsa, mai kunnuwa a wurinsu da garanti. Shawarata ita ce a rubuta kowane abu a layinsa kafin a biya ko sisi, gaba da baya tare, a ware kamar rubu'in jimillar don abin da zai ɓullo bayan an kwance. In jimillar ta fi ƙarfin aljihu, a dakata. Motar da aka kwance ta zauna a kan jak wata da watanni ana jiran kuɗin wili ta fi wadda ba a taɓa ba ban takaici.

Akwai kuma abin da kuɗi ba ya gyarawa cikin sauƙi. Tulun gaba ba a tsakiya yake ba, yana karkata ne zuwa gefen da farfelar gaba ke fitowa. Na Wrangler da Ford a hagu yake, na tsofaffin GM da na Toyota a dama. Faɗi ma haka: aksil ɗin Super Duty ya fi na JK faɗi da inci da dama, tayoyi su leƙo waje, a wurare da dama kuma doka ta ce sai an rufe su.

Cewa daga an sa babban aksil an rabu da karyewa, wannan fata ne kawai. Ƙarfin injin yana nan, zai nemi wuri mafi rauni na gaba, ko mahaɗar farfela ko giyabos ɗin da ke raba ƙarfi, wanda ya fi shaf tsada. Abin da ya fi karya ƙarfe shi ne taya ta yi ta juyawa a iska direba na take da totur, sannan ta faɗo ta kama ƙasa lokaci guda. Dana 60 ma yana karyewa a haka.

Jita-jitar da ta fi haɗari ita ce wadda ta shafe mu kai tsaye, wato babban aksil yana ba da damar ƙara lodi. Masu Hilux da Land Cruiser da ke bin hanyar Agadas zuwa Dirku, da duro-duron mai da jarkokin ruwa da fasinja a sama, su ne wannan magana za ta fi ruɗa. Iyakar nauyin da kamfani ya rubuta ta haɗa da shasi da sifirin da birki da tayoyi. Ƙarfafa aksil kaɗai bai ɗaga ko ɗaya daga cikinsu ba. Ƙaramar a-kori-kura da aka tara wa kaya a can bayan tayar baya, shasinta ne ke lanƙwashewa a bayan kan motar, aksil yana nan lafiya lau. A Ostareliya, inda ake ƙara wa irin waɗannan motoci iyakar lodi bisa doka, sai injiniya ya duba motar gaba ɗaya ya sa hannu. Ga shi Land Cruiser 79 ta riga ta zo da zobe mai inci 9.5 a baya, da tsarin nan da shaf ba ya ɗaukar nauyi. Inda take da rauni gaba ne, zobe mai inci 8 wanda haƙoransa ke aiki da gefensu mai ƙarfi in ana tafiya gaba, da gefe mai rauni in ana ribas. Fizgo motar da ta kafe da ribas shi ke fasa shi, kuma gyara wannan ɗabi'a ba ya cin ko kwabo. A cikin yashi kuwa ƙarin kilo ɗaruruwa nutsewa yake jawowa, rage iskar taya da rage kaya sun fi amfani.

Tsakanin barin mota yadda take da ɗaura mata aksil ɗin babbar mota akwai matakai da ake mantawa da su. Masu tsofaffin Wrangler da Cherokee sun daɗe suna sa Ford 8.8 na Explorer a baya, domin tsarin kusoshinsa ɗaya ne da nasu, shaf ɗinsa mai tsaga 31 ne, na 1995 zuwa 2001 kuma da birkin faifai yake zuwa. Ga mai inci 33 ko 35 ya wadatar, wilinsa ma bai canza ba. Akwai shaf na ingantaccen ƙarfe da ake sa wa aksil ɗin asali, akwai gadar ƙarfe da ake waldawa a saman bututun don hana shi lanƙwasa.

In kuwa lissafi ya nuna tsohon babban aksil ne mafita, kada a saya a rufe. A buɗe murfin tulun a gaban mai sayarwa. A duba man: in ya yi fari-fari ruwa ya shiga, in yana ƙyalli ƙarfe ne ya niƙe a ciki. A bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya da fitila, a ƙirga su, 41 a zobe da 10 a finiyan shi ne 4.10, 39 da 8 shi ne 4.88, domin alamar da ke jikin murfi tana iya zama ta giyar da aka daɗe da cirewa. A auna faɗi daga fuskar da wili ke zama zuwa ɗaya fuskar, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan bututun a ga ko ya karkace, musamman in daga motar da ta yi hatsari aka ciro shi.