Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Ina Baƙo Zai Ci Mai Daɗi Da Araha A Zariya?

Kwanakin baya wani kawuna ya taso daga Maraɗi ya kawo ɗansa rajista a Jami'ar Ahmadu Bello. Da yake ba ya son ya ɗora wa kowa nauyi, bai sanar da ni zuwansa ba sai da ya kwana biyu a wani masauki. Ranar da ya iso gidana a Dogarawa, bayan mun gaisa, maganar farko da ya yi mini ita ce: "Ɗana, ashe ku Zazzagawa ba ku da abinci?" Na tambaye shi dalili. Ya ce tun da ya sauka ba a kawo masa komai ba sai soyayyar shinkafa da cinyar kaza mai sanyi, kuma abin da ya biya a faranti ɗaya zai ciyar da mutum uku a rumfar mai tuwo. Ya ce ya ga ganuwa, ya ga ƙofar fada, ya yi salla a babban masallaci, amma cikinsa bai shaida ya zo Zazzau ba.

Na yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai, domin kuwa ba shi kaɗai ba ne. Zariya gari ne na baƙi. Akwai iyayen da ke kawo 'ya'yansu Samaru da Kongo, akwai masu jinya da ke kwana da kwanaki a asibitin koyarwa na Shika, akwai masu zuwa bikin yaye sababbin sojoji, ga almajiran ilimi da ke neman malaman cikin birni, ga kuma masu zuwa kallon hawan salla. Mafi yawansu da guzuri ƙididdigagge suke zuwa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ke cinye kaso mai yawa na guzurin matafiyi kafin ya iso, kuma a tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Mai jinyar da zai yi mako biyu a Shika, sanin inda zai ci ya ƙoshi da kuɗi kaɗan yana iya zama abin da zai bar masa kuɗin magani a aljihu.

Wannan matsala ba a nan kaɗai take ba. A Amurka akwai wani tsohon birni, New Orleans, wanda Faransawa suka kafa a 1718, Amurka kuma ta saye shi tare da yankin Louisiana a 1803. Ana tururuwa zuwa can saboda girki iri biyu. Ɗaya shi ne na Kiriyol, girkin cikin birni da ya haɗa hannun Faransawa da Sifaniyawa da na bayin da aka kwaso daga Afirka, da yawansu daga yankin Sanigal da Gambiya. Ɗayan kuma na Kejun ne, girkin karkara na zuriyar wasu masu jin Faransanci da Ingilishi suka kora daga gabashin Kanada tun daga 1755. Miyar da suka fi alfahari da ita, gumbo, masana da dama na cewa ta samo sunanta ne daga sunan kuɓewa a harsunan Afirka ta Tsakiya. Jambalaya kuwa, duk Bahaushen da ya gan ta zai ce dafa-duka ce. Suna da al'adar cin jan wake da shinkafa ranar Litinin, domin ita ce ranar wanki, a ɗora wake ya yi ta dahuwa ana can ana cuɗa tufafi. Wato yawancinsa abincin mai ƙaramin ƙarfi ne. Amma baƙon da ya tsaya a tsohuwar unguwar Faransawa, inda 'yan yawon buɗe ido ke cincirindo, zai biya shi da tsada, alhali 'yan gari suna cin irinsa cikin rahusa a unguwanninsu. Bambancinmu da su ɗaya ne: su sun ɗauki abincin kakanninsu abin tunƙaho, sun rubuta shi, sun tallata shi, mu kuwa muna jin kunyar ajiye wa baƙo fate.

To, washegari na ce wa Kawu ya bar masaukin nan ya dawo gida, na kuma ɗauki alkawarin zan nuna masa garin ta hanyar cikinsa.

Abin da baƙo ya kamata ya fara fahimta shi ne Zariya ba gari ɗaya ba ce, kuma tarihi ne ya raba mata tukwanenta. Akwai birni cikin ganuwa, wanda ake shiga ta Ƙofar Doka ko Ƙofar Kuyambana ko Ƙofar Gayan da sauransu, inda fada take da masallacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajejen shekarun 1830. Akwai Tudun Wada, mazaunin baƙin Arewa. Akwai Sabon Gari, wanda ya tsiro bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, ya tara ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu. Akwai Samaru, wadda ta fara da tashar binciken aikin gona a 1922, ta bunƙasa da kafa jami'a a 1962. Sai kuma irin unguwarmu Dogarawa da Kwangila, waɗanda hanyar mota ta raya. Kowace da irin masu cinta, saboda haka kowace da irin girkinta da farashinta.

Daga ƙofar gida muka fara. Wanda duk ya san harkar tafiya ya san cewa direban babbar mota ba ya cin abincin banza sau biyu. Mutum ne da ya ci tuwon Legas zuwa Maiduguri, ya san miya, ya san awo, kuma in aka cuce shi yau, gobe duk abokan aikinsa sun ji. Don haka a bakin hanyar Kano, rumfar da ka ga manyan motoci sun jeru kusa da ita, direbobi da yaran mota sun cika benci, shiga kawai. A irin wannan rumfa muka karya. Kawu ya ce wa mai abincin, "Hajiya, sannunku da aiki, me aka sauke?" Ta ce, "Alhaji, waina ce da miyar taushe, in kuma ɗumame kake so akwai." Ya zaɓi ɗumamen tuwon masara da miyar kuka, aka ɗiga masa man shanu, aka barbaɗa yaji. Bai sake magana ba sai da ya siɗe kwano.

A nan ya kamata in faɗi abin da na ɗauka shi ne sirrin araha a garin nan, wato lokaci. Abincin gargajiya yana da sa'arsa. Koko da ƙosai da waina na safe ne, kafin rana ta take sun ƙare. Ɗanwake da dambu da alale na hantsi ne. Fura da nono ta rana ce, lokacin da matan Fulani suka iso daga ruga suka sauke ƙwarya a inuwa. Tuwo sabon tuƙi na yamma ne, tsire da balangu kuwa sai bayan la'asar zuwa dare. Baƙon da ya fito neman waina da ƙarfe biyu na rana, ko dai ya rasa, ko ya sami ragowa, daga nan sai ya faɗa gidan abincin zamani ya biya ninki. Wanda ya bi sa'ar gari zai ci sabo, kuma zai ci da arha.

Da rana muka shiga Sabon Gari. A nan ne kamar New Orleans ɗin tamu take, domin fiye da shekara ɗari ke nan tukwanen Yarbawa da Ibo da Nufawa da Hausawa ke tafasa kusa da juna. A layukan da ke kewaye da kasuwa za ka sami amala da miyar ayoyo irin ta Yarbawa, da sakwarar da aka kirɓa a turmi kana ji, da miyar agushi, da teba, da farfesun kayan ciki. Akwai matan da a Zariya aka haifi iyayensu, Hausa a bakinsu kamar ta cikin birni, amma hannunsu a miya na Ogbomosho ne. Cuɗanyar ta kai ga yanzu Bahaushiya na sayar da sakwara, Bayarbiya na tuƙa tuwon shinkafa, ba wanda ke mamaki. Shawarata ga baƙo a nan ita ce ya bi sawun 'yan kasuwa da makanikai, ya kuma yi ciniki tun kafin a zuba: malmala nawa, nama guda nawa. Yawancin rigimar da ake yi a rumfunan abinci kan nama ce, domin tuwo ba shi da tsada, tsoka ce ke ɗaga lissafi. Musulmi kuma ba laifi ba ne ya tambayi irin naman da ke cikin tukunya, masu sana'ar sun saba da tambayar.

Samaru kuwa ɗalibi ne ke yanka farashi. Wanda ke jiran kuɗi daga gida ba ya wasa da canji, don haka masu abincin da ke fuskantar jami'a da na cikin kasuwar Samaru sun koyi auna shinkafa da wake da mai da yaji daidai aljihunsa. Akwai awara, akwai taliya, akwai masu shayi da ke soya ƙwai da Indomie har tsakar dare. Ba zan ce abincin Samaru ya fi daɗi ba, gaggawa ta yi masa yawa. Amma ga mai jinya a Shika, tahowa Samaru ya yi cefane ko ya ci ya koma sau da yawa ya fi masa sauƙi. Abin lura ɗaya: idan jami'a ta tafi hutu ko yajin aiki, kamar na wata takwas da aka yi a 2022, rumfuna da yawa kan rufe, waɗanda suka rage kuma ciniki ya ja baya, abinci ya daɗe a tukunya.

Wannan ya kawo ni ga abin da ba na son in ɓoye. Hausawa sun ce araha ba ta ado, wani lokaci ma ba ta lafiya. Ni kaina na taɓa kwana uku a kwance saboda miyar da aka ɗumama ta kwana biyu a wata rumfa. Tun daga ranar nake duban abu uku kafin in zauna: ruwan da ake wanke kwanuka, ko ana sauya shi, man suya, ko ya yi baƙi ƙirin don maimaici, da kuma tukunya, ko tana kan wuta tana tururi. Da damina, lokacin da amai da gudawa kan ɓulla, ina ƙauracewa kwaɗo da duk abin da ba a dafa ba, komai kyansa a ido. Ba tsadar wuri ke kawo tsafta ba. Na ga rumfar zana da ta fi wani gida mai gilashi da na'urar sanyaya ɗaki tsafta nesa ba kusa ba.

Inda na sha kunya shi ne cikin birni. Kawu ya ce shi fa faten nan da Kanawa ke tsokanar Zazzagawa da shi yake so ya ci. Muka zaga, muka tambaya, ba mu sami inda baƙo zai zauna a kawo masa faten tsaki mai rama da yakuwa da gyaɗa ba. Ba wai babu ba ne, yana nan a cikin gidaje, inda matan aure ke sana'arsu a bayan zaure, sai dai a aika yaro da kwano, ko a jira 'yar talla ta fito. Gidajen abinci irin su Shagalinku sun yi suna wajen fito da girkin Hausa fili, sun nuna cewa mutum zai iya cin tuwo a kan tebur ba tare da ya raina kansa ba, kuma sun cancanci yabo. Amma tsakanin irinsu da farantin 'yar talla akwai wawakeken giɓi. Mafi gwanintar masu girkin garin nan ba su da rumfa, ba su da jari, kuma hanyarsu ɗaya ta kaiwa ga mai saye ita ce kan yarinyar da ya kamata a ce tana aji.

Abin takaicin shi ne kayan duk a ƙofarmu suke. Masara da dawa da waken da cibiyar Samaru ke fitar da irinsu, tumatir da attarugu na fadamar Galma da yankin Hunƙuyi, rake da mazarƙwailar Maƙarfi, nonon rugage. Da ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari za su keɓe 'yan wurare kusa da Ƙofar Doka da Kwangila da hanyar Shika, su ja ruwan famfo, su yi rumfuna da magudana, su ba mata haya mai sauƙi, duba-gari kuma ya riƙa leƙawa don gyara ba don karɓar na goro ba, da baƙo ya sami wurin zuwa, uwa ta sayar da kanta, yarinya ta tafi makaranta. Masu masauki ma ba abin da zai rage su in suka sa tuwo da fate a jerin abincinsu. Masarauta kuwa, wadda ke tara dubban mutane a hawan salla, tana da bakin da in ta ce a girmama abincin gida za a ji.

A ƙarshe dai maƙwabciyarmu ce ta fitar da ni. Maiɗakina ta leƙa ta gaya mata, da magariba sai ga langa cike da fate yana tururi, an yanka albasa a kai. Kawu ya sha, ya ƙara, ya aika da kuɗi a ba ta. Ta dawo da su, ta ce a gaya wa Alhaji ita ba ta sayar wa baƙon maƙwabci abinci. Da zai koma Maraɗi sai da ya sa aka auno masa tsaki mudu biyu a kasuwar Sabon Gari, ya kuma sa ɗan nasa ya rubuta yadda ake haɗin a bayan takardar rajista.