Wasiƙarka na rumbun wani, wa ke riƙe da makulli?

Ma'aikaci a Madarumfa in ya buɗe imel ɗin ofis, yakan ɗauka saƙon na cikin wayarsa. Asalinsa yana kwance a wata kwamfuta da ake kira saba, ta yiwu a Maradi ko Yamai. Sau da yawa ita ma sabar ba ta ajiye shi a cikinta, miƙa shi take yi ga wata na'urar ajiya, kamar magidancin da ya zuba hatsinsa a rumbun maƙwabci. Hanyar da aka saba bi ita ce NFS, wadda kamfanin Sun na Amurka ya fito da ita a 1984.

Gyaran irin waɗannan na'urori ne sana'ata, kuma inda rigima ta fi tashi shi ne wajen izini. A Linux kowane fayil yana da mai shi, da ƙungiyarsa, da sauran jama'a. Karantawa lambarta 4, rubutawa 2, shiga jaka 1, sai a tara wa kowa rabonsa. Jakar wasiƙu 700 ta dace da ita: mai ita ya samu 7, saura su tashi da sifili.

Sai dai na'ura ba ta san suna ba, lamba ta sani. Idan saba ta san ka da 1005, ita kuwa ma'ajiyar ta ba wani wannan lambar, to wasiƙunka sun zama nasa. Babban mai iko ma, wato root, in ya ƙetara ta NFS akan tuɓe masa rawani, a mai da shi baƙo mai lamba 65534. Daga nan saƙo ya ƙi sauka, shugaban ofis ya fara kira.

A nan ne wasu masu gyara ke buga 777. Nan take komai ya tashi, a yi musu godiya. Ni wannan cin amana nake kallonsa, domin duk mai asusu a na'urar zai iya karanta takardar albashinka da sakamakon asibitinka, har ya goge su. Gyaran gaskiya shi ne a daidaita lambobin masu asusu a na'urorin biyu.

Ga kuma wuta. Yankinmu layin Katsina yake sha, kuma mun ji jiki a Agustan 2023 da Najeriya ta yanke. Tsohon tsarin mbox yana tara wasiƙun mutum a fayil guda, yana kulle shi lokacin rubutu; wuta ta ɗauke a tsakiya, kullen na iya maƙalewa ko fayil ɗin ya lalace. Tsarin Maildir kuwa, wanda Daniel Bernstein ya tsara wa manhajar imel ta qmail, kowane saƙo da fayil ɗinsa: a rubuta shi a jakar tmp, sai ya kammala a tura shi new. Shi nake ɗora wa duk ofishin da ya dogara da janareta.