DUSHEWAR MURYA: YAUSHE YA KAMATA A GA LIKITA?

Da zarar hunturu ya kama a Bauchi, sai a ji muryoyin mutane da yawa sun dushe. Galibi wannan ba abin tsoro ba ne. A cikin maƙogwaro, daidai bayan zakaran wuya, akwai waɗansu 'yan igiyoyin nama guda biyu. In iska ta fito daga huhu sai su riƙa karkarwa, fiye da sau 100 a daƙiƙa ɗaya ga namiji, wajen sau 200 ga mace. Wannan karkarwa ita ce murya. Mura da ƙura da yawan ɗaga murya su kan kumbura igiyoyin, shi ya sa abin ya fi addabar ladanai, da malaman makaranta, da masu talla a kasuwannin Wunti da Muda Lawal.

Irin wannan dushewa hutu ne maganinta. A rage magana, a yawaita shan ruwa, a bar taba. Kada a koma yin raɗa, domin ita ma wahalar da igiyoyin take yi. Kafso ba ya kashe ƙwayar mura, saye shi asarar kuɗi ne kawai. Cire belu a wurin wanzami kuwa bai taɓa inda ciwon yake ba, sai dai ya jawo zubar jini.

Amma in murya ta wuce mako 3 ba ta washe ba, lalle a je asibiti, musamman mai shan taba ko giya. Wanda kuma yake tofar da jini, ko haɗiya ta gagare shi, ko numfashinsa yake sarƙewa, ko ƙullutu ya fito masa a wuya, kada ya jira ko kwana ɗaya. Ƙwannafi da tarin fuka su kan dusar da murya, haka ma ciwon daji na maƙogwaro, kuma kunne ba ya iya bambanta su. Dole sai an gani da ido.

Tun 1854 wani malamin waƙa ɗan Sifen, Manuel García, ya hango igiyoyin muryarsa da ɗan madubi. Yanzu likitocin kunne da hanci da maƙogwaro, irin na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, su kan yi amfani da madubi ko siririyar na'ura mai fitila, cikin 'yan mintoci an gama. In dajin ne, aka kuma tare shi da wuri, sau da yawa a kan warkar da shi muryar tana nan. In an makara, wani lokaci sai an cire maƙogwaron ɗungum, mutum ya koma numfashi ta ƙofar da aka huda masa a wuya.